Hannun Inna da Wutar da Ba a Gani

Abin da na fara gani da na shigo gida daga lakwal, wato makarantar boko, shi ne tabarmar roba tana naɗe kanta. Gefenta yana ɗagowa a hankali, yana murɗewa, yana komawa baƙi, kuma babu kowa a kanta. Tsakar rana ce, irin ranar Arlit da inuwar mutum ke maƙalewa ƙarƙashin takalminsa. Ihun kuwa tun daga ƙofa na ji shi, amma ban gane muryar ba, don ban taɓa jin Inna ta ɗaga murya ba.

Tana tsaye kusa da teburin guga, tana yarfa hannun dama, tana juyi, tana buga shi a jikin zaninta. Na kalli hannun sosai. Babu komai a kansa. Fata ce kawai da zobenta na azurfa.

Maƙwabtanmu biyu sun riga ni shigowa. Akwai Iya Dije, tsohuwa ƴar Tawa wadda bangonmu ɗaya da ita, sai Ghaisha, mutuniyar Abzin, mai sayar da tumatir da albasa da ake kawo mata daga lambun ƴan'uwanta.

"Iskoki na sunka hau ta!" in ji Iya Dije. "Ku riƙe ta kar ta hwaɗi!"

Ta rungumo Inna ta baya, ta fara karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, sannan ta cafke mata wuyan hannu don ta daina yarfawa. Nan take ta saki, ta kwarma nata ihun.

"Wayyo Allah, ya cije ni! Ni ma ya cije ni!"

A lokacin ne hannun rigar Inna ya yi ruwan ƙasa kamar an manta dutsen guga a kai, sai harshen wuta rawaya ya tashi daga jikin atamfar.

"Wuta ne!" Ghaisha ta ce. "Ba aljani ba, wuta ne, Inna ya kama wuta!"

Ta ɗauki bokitin ruwan wanki ta sheƙa mata, ta fizgo bargo daga igiya ta tsoma a baho ta lulluɓe ta da shi. Ta shiga watsa yashi a kan tabarmar da hannu biyu. Ni ina nan tsaye, jakata a kafaɗa. Duka abin bai kai a sha kofin ruwa ba, amma a cikinsa Inna ta tsaya tana ƙonewa a gabanmu mu uku, muna kallonta.

Ina rubuta wannan ne saboda na san akwai irin kwalbar da ta jawo mana wannan a wasu gidaje.

Inna tela ce. Da hannun nan na dama take riƙe almakashi, da shi take ciyar da mu rabin wata duk sanda Baba ya yi nisa, don shi direban kamiyo ne, babbar motar kaya, a hanyar Agadas. Ran nan an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun safe, kuma akwai ɗinkin suna da za a zo karɓa da la'asar, sai ta fito da dutsen guga na gawayi. Kwalbar Baba ne ya sayo ta wurin ƴan gwangwan, inda ake sayar da ganguna da jarkoki da tarkacen wuraren aikin da aka rufe. Babba ce, mai ruwan ƙasa, irin ta ɗakin gwaji, da ruwa fari tas a cikinta ya wuce rabi. Mai sayarwar ya ce masa alkol ne mai kyau, sinadarin nan na giya mai saurin kama wuta. Baba yakan ɗiga kaɗan a kan gawayin shayinsa da asuba ko bayan magariba, ya ƙyasta ashana, wata wuta shuɗiya ta kwanta a kai kamar mage. Mun saba ganinta, har ƙannena Ali da Nana sukan taru su kalla. Amma ba wanda ya taɓa kunna ta da rana.

Daga baya Inna ta faɗa wa Baba yadda aka yi. Ta ɗiga, ta ƙyasta ashana, ta jefa, ba ta ga komai ba. Ta ce ashanar ce ta mutu. Sai ta karkata kwalbar ta ƙara zubawa. Ta ji wani "fuf", bakin kwalbar ya yi tofi a hannunta, ta sake ta ta faɗi ta fashe a kan tabarma.

Bayan wutar ta mutu gidan ya cika da mata. Iya Dije, da nata tafin hannun duk ya yi bororo, ta aika a kawo man goge haƙori, aka matse shi duka a bayan hannun Inna. Wata ta fasa ɗanyen ƙwai a kai. Ghaisha tana ta cewa, "Ruwa, ku sa shi ruwa," amma aka ce mata ruwa yana sa ƙuna ta yi ƙurji. Man ya rufe yatsun gaba ɗaya. Babu wanda ya tuna da zoben. Sai da aka nemo mai mota, aka yi gardamar wa zai zauna da yara, sannan muka tafi asibiti.

Ni aka ce in bi ta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, don ni ce ƴar fari. A gidanmu, kamar gidajen Damagarawa da yawa, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta jan shi a jiki. "Ke" take ce mini, in kuma da wani take magana sai ta ce "waccan". Kitso ma Ghaisha ke yi mini. Ban taɓa jin haushin haka ba, haka na tashi na gani. Amma a cikin motar nan, da aka ce in tallafe mata gwiwar hannu, na rasa yadda ake taɓa ta. Ita ma ta kau da kai tana kallon taga.

A asibiti mun tarar da layi a kan benci ƙarƙashin rumfar kwano. Kusa da mu wani mutum yana riƙe da yaron da kunama ta harba, yana hura masa ƙafa. Man da ke hannun Inna ya bushe ya tsattsage, ƙudaje suna bin warin ƙwan. Da aka kira mu, madam ɗin da ke pansama, wato wanke ciwo da ɗaure shi, wata doguwa mai tabarau rataye da igiya, ta kalli hannun, ta kalle mu.

"Wa ya yi mata wannan kwalliyar?"

Ta ɗaga hannun ta ƙara dubawa, ta ci gaba.

"Ku mutanen nan, sai kun soya mini mara lafiya da ƙwai sannan ku kawo. Yanzu duk abin nan sai na kankare shi. Hajiya, ki yi haƙuri, ba ni na sa ba."

Ban san mutum zai iya yin irin ƙarar da Inna ta yi ba baki a rufe. Ni ke riƙe da kwanon da ruwan ke zuba. Ina ganin man yana sauka, fata tana binsa. Daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu ja ne jawur. Bayan hannun kuwa da yatsu biyu na tsakiya fari ne, mai tauri, kamar kitsen da ya daskare. Da madam ta kai wurin, Inna ta saki numfashi.

"Alhamdu lillahi, nan ba ya zafi."

Madam ta fita ta kira likita. Saurayi ne, da biro uku a aljihu. Ya taɓa wurin da audugar da ke bakin almakashi, ya tambaye ta ko ta ji, ta ce a'a. Maganar da ya yi har yau tana kunnena.

"Wurin da ke mata zafi zai warke. Wanda ba ya zafin nan shi nake tsoro."

Sannan ya ga zoben. Yatsan ya kumbura ya haɗiye shi, sai ɗan layin azurfa kawai ake gani. An gwada sabulu, an gwada zare, ya ƙi. Ghaisha, da ta biyo mu asibitin, ta fita ta kira wani maƙeri ɗan garinsu, tsoho, ya zo da kayan aikinsa a naɗe cikin fata. Ya durƙusa a gaban gado, ya gyara rawaninsa, ya yanke zoben. Ya ƙi karɓar ko dala. Allah ya saka masa da alheri, ban ma san sunansa ba.

Baba ya iso washegari, ƙurar hanya har cikin girarsa. Likita ya ce a kawo masa kwalbar, ko ɓallinta ne. Baba ya koma gida ya tono ɓallin da takarda ke manne a jiki. Akwai hoton harshen wuta, da ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu, da wani mutum mai tauraro a ƙirji. Na sha ganin hotunan nan in ina shara. Na ɗauka duk kwalaben Turawa haka suke.

"Metanol," in ji likita. Ya ɗago kai da sauri. "Akwai wanda ya sha? Akwai wanda ya goge ciwo da shi?"

"Sha kuma, likita? Mu Musulmi ne."

"Ban ce da gangan ba, malam. Kamar ruwa yake. Yaro ya kurɓi kaɗan, idonsa na iya tafiya, in ya fi haka ransa. Ta fata ma yana shiga, ta numfashi ma."

Iya Dije tana zaune a bakin ƙofa da nata hannun a naɗe. Sai muka ji ta ce, "Inna lillahi." Ashe ta roƙi Inna kaɗan kwanakin baya, ta zuba a robar ruwan sha, ta ajiye ƙarƙashin gado, inda jikokinta ke shiga wasan ɓuya. Ban taɓa ganin Baba yana gudu ba sai ran nan. Ya tarar da robar tana nan, murfinta a sassauce. Daga can ya wuce wurin ƴan gwangwan, aka nuna masa wani wanzami da wani mai shayi da su ma suka saya. Wanzamin da shi yake goge kan yara bayan aski.

Satin farko pansama ne da jiran pansama. In za a cire bandejin sai an jiƙa shi, don yana mannewa. Inna takan cusa gefen mayafinta a baki ta cije. Kowane zuwa da sabuwar ordonansi, takardar sayen magani, Baba ya tafi farmasi ya dawo da ledar gazi da pomadi, wato bandeji da man shafawa, da ba ta kai kwana biyu. Akuyarmu mai fari a goshi ita aka fara sayarwa. Masu kawo mata ɗinki suka riƙa zuwa gaisuwa, in za su tafi sai su ce, "Af, yadin nan nawa, bari in tafi da shi kar ya yi ƙura." Ban ga laifinsu ba, amma ina ƙirga yadda kwandon yadin ke raguwa da ido.

Kowa da maganinsa. Wannan ya ce zuma, wancan ya ce toka, wani abokin Baba ya ce kashin raƙumi busasshe a daka. Goggo, yayar Baba, ta iso daga Damagaram da buhun gero da wani ƙulli a bakin zaninta. Gashin zomo ne. Ta ce da shi aka yi mata magani tana yarinya da ta faɗa murhu, ta ɗaga zani ta nuna mana tabon. Wata rana da na je ɗebo ruwa, ta ɗaga gefen bandejin ta tura shi ciki. Madam ce ta gano da ta buɗe.

"Wane ne mai zomo a nan?"

"Ni ce, ƴar nan," in ji Goggo. "Tun ba a haifi uwarki ba ake sa shi."

"To, Hajiya, tun ba a haifi uwata ba ake yanke hannuwa. Zo ki riƙe mini fitila in tsince shi ɗaya bayan ɗaya."

Goggo ta riƙe fitilar, hawaye na zuba, ba ta share ba. Ba zan ce ita ta jawo abin da ya biyo baya ba, likita ma ya ce yatsan tun ranar farko ya shaƙe. Kuma ita ce ta yi wa Inna wanka, ta kai ta bayan gida, ta dafa mana abinci, ta kwana a ƙasa duk tsawon jinyar nan da ciwon gwiwarta.

A sati na biyu na fara jin wari. Ba mai ƙarfi ba ne da farko, kamar ruwan da aka jiƙa wake aka manta. Na ga Inna ta daina korar ƙuda daga fuskarta. Zazzaɓi ya rufe ta. Da aka buɗe, yatsan zoben ya yi baƙi ya motse kamar busasshen dabino. Likita ya ce a nan sun yi iyakar abin da za su iya, sai Agadas.

Duk wanda ya san hanyar nan ya san abin da nake nufi. Kwalta ta ƙare a wurare da yawa, sai ramuka da tsakuwa. An ɗaure hannun da ƙyalle a mariƙin saman mota don ya zauna a sama, kowane rami sai ya yi lilo. Goggo tana gefe ɗaya, ni a ɗayan, kan Inna yana faɗowa kafaɗata yana tashi. Jikinta kamar kaskon tuya. Wajen mararrabar Tchirozérine ta buɗe ido, ta kalle ni kai tsaye, ta kira sunana. Sau ɗaya. Sannan ta ce in sauke tukunya kar ta ƙone. Na kalli Goggo, ta yi kamar ba ta ji ba, ni ma na yi haka.

A Agadas mun jira mai aikin tiyata, an ce ya yi tafiya. Kullum a ce gobe. Muna shimfiɗa a harabar asibiti tare da sauran masu jinya, wata mata daga Ingal da ba ma jin yaren juna ta riƙa ba mu cuku da dabino, mu mu ba ta kunu. Baba ya ba da jini, ya fito ya zauna a ƙasa ya jingina da tayar wata mota. Tun ranar da abin ya faru bai sake shan shayi ba.

An cire yatsan zoben. An yanko fata daga cinyarta an ɗora a bayan hannun. Ban san ana yin haka ba, na ɗauka Goggo ce ba ta fahimci bayanin ba. Inna ta ce cinyar ta fi hannun zafi. Sati na uku da na huɗu muka yi su muna jiran a ga ko fatar za ta kama. Ta kama, sai ɗan gefe ɗaya. Launinta ya bambanta da sauran, da ƙananan ramuka a jere kamar raga.

Kafin a sallame mu aka kai mu wurin wani mai miƙa gaɓoɓi, kine suke ce masa, gajere mai yawan dariya. Ya ɗora hannun Inna a kan tebur, ya shafa man kaɗanya, ya ce wa Baba da Goggo su matso. Ni ina bayansu ina leƙe ta tsakanin kafaɗunsu.

"Kun ga fatar rago in an shanya ta a rana, yadda take tattarewa? Haka tabon ƙuna yake. Kullum so yake ya rufe. Ku kuma kullum ku buɗe shi. In kuka bar shi, hannun zai dunƙule, kuma ba zai sake buɗewa ba sai da wuƙa, wuƙar ma ba tabbas."

Ya kama yatsa ɗaya, ya danne gindinsa da babban yatsansa, ya miƙe shi a hankali har fatar ta yi fari. Inna ta yi ƙara.

"Nan ne wurin," in ji shi. "In ta yi ƙara ba a saki. A riƙe, a bar shi ya sha. Wanda ya ji tausayinta ya cuce ta. Hajiya, kina son almakashinki?"

Inna ta gyaɗa kai.

"To ki yafe wa duk wanda zai sa ki kuka."

Ya ba mu wani ɗan katako da za a riƙa ɗaure hannun a kai in za ta kwanta.

Da muka dawo Arlit na koma lakwal, na tarar an wuce ni da darussa da yawa, ga brebe, jarabawar gama ƙaramar sakandare, a gaba. Mushenmu, malamin kimiyya, ya ji labarin. Ya tambaye ni a gefe ko zan yarda ya yi wa aji magana a kai, na gyaɗa kai don ban iya cewa a'a ba. Ya fito da mu fili da tsakar rana, ya sa muka ja baya sosai. Ya ajiye bokitin yashi kusa da shi. Ya ɗiga ɗan ruwan a murfin gwangwani, ya rufe kwalbar gam, ya kai ta can cikin inuwa, ya dawo, sannan ya kunna da dogon kara.

"Wa ke ganin wuta?"

Aka ce ba kowa. Wani yaro a baya ya ce, "Mushe, ashanarka ta jabu ce," aka yi dariya. Sai ya miƙa takarda a bakin karan saman murfin. Ta kama da wuta a cikin iska. Ni na juya na kalli bango har aka gama.

Abin da ya faɗa, da abin da madam da likita suka faɗa, shi nake so wanda ya karanta wannan ya riƙe. Kwalbar ɗakin gwaji ba kayan gida ba ce, komai arharta, kuma hotunan da ke jikinta ba ado ba ne. Kada a juye abin da ke ciki a robar ruwa ko kwalbar lemo. Kada a bar ta a rana, ko kusa da murhu, ko a buɗe cikin ɗaki, don tururinta ma yana kamawa tun wuta ba ta taɓa ruwan ba. Kada a taɓa zuba irin wannan a kan gawayin da aka riga aka kai wa ashana, ko da ido ya ce ya mutu, don wutar tana bin ruwan ta hau cikin kwalba. In mutum ya yi ihu yana yarfa hannu kusa da irin wannan, a jiƙa shi da ruwa mai yawa tukuna, a yi addu'ar ana zubawa. Madam ta ce ruwa mai tsabta, ba ƙanƙara ba, a bar shi yana kwarara a kan ƙunar gwargwadon a dafa shayi a sha na farko. A cire zobe da warwaro nan take, kafin kumburi. A rufe da ƙyalle mai tsabta a taho. Ta ce da an yi wa Inna haka, da wataƙila yatsanta yana nan. Wannan "wataƙila" ta fi komai nauyi a gidanmu.

Yanzu saura yatsu huɗu, kuma su ne abin da ya rage mana mu rasa.

Baba ya gwada miƙa su ranar da muka dawo. Da Inna ta yi ƙara sai ya saki, ya tashi ya fita, muka ji yana kuka a zaure. Bayan kwana biyu ya koma hanya, don dole a ci abinci. Goggo takan shafa man, ta ɗan ja kaɗan, da Inna ta ce "wash" sai ta ce, "To, to, ya isa na yau, Allah ne mai warkarwa." Katakon kuwa Inna ta ce yana hana ta barci, na gan shi a bayan randa. Ta koyi ɓoye hannun a ƙarƙashin mayafi ko da mu kaɗai ne a gida.

Amma ni ina ganinsa in tana alwala. Da muka bar Agadas tana iya shimfiɗa shi a kan faifai ya kwanta, sai ɗan tudu. Sati guda bayan nan, biro zai iya wucewa ƙarƙashin tafin. Yanzu ƙwai zai wuce. Ƙaramin yatsan ya fara lanƙwasowa yana neman gurbin wanda aka cire. Na ji Goggo tana ce wa Iya Dije gara a sayar da keken ɗinkin tun bai yi tsatsa ba. Inna tana kusa, tana tsince shinkafa da hagu, ba ta ɗago ba.

Na yi kwanaki ina gwadawa a hannun Nana in tana barcin rana, yadda kine ya danne gindin yatsa, yadda ya miƙe shi. Na san yadda ake yi. Abin da ban sani ba shi ne yadda zan buɗe baki. Ban taɓa neman komai kai tsaye wurin Inna ba, ko kuɗin biro ta hannun Ali nake aikawa.

Jiya da hantsi Goggo ta tafi kasuwa, yara suna makarantar allo. Na ɗauko katakon daga bayan randa na wanke shi, na ɗauko gwangwanin man kaɗanya, na jawo ƙaramin tebur na ajiye a gabanta. Na durƙusa. Ta kalli kayan, ba ta kalle ni ba.

"Ke, kwashe abin nan."

Ban kwashe ba.

"Ba ki ji ba ne? Goggonki za ta yi in ta dawo."

"Goggo ba ta yi, Inna. Sakewa take yi."

Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa mayar mata. Ta ja mayafin ta ƙara rufe hannun.

"Yanzu ke ce za ki zauna ki sa ni kuka? Ba ki da kunya?"

"Ina da ita," na ce. "Ki juya fuskarki bango, ba sai kin gan ni ba. Ki zage ni in ya yi zafi, ba zan faɗa wa kowa ba, kuma ba zan saki ba. Don Allah, Inna, ki ba ni hannun."